Kafin ki biya kuɗin bugu, ki ga aikinki a takarda

Shekara uku ke nan ina sayar da yaji da garin kunun tsamiya da garin ɗanwake daga cikin gida, a nan Ƙofar Durɓi cikin Katsina, ban taɓa buga ko guntuwar takarda da sunan sana'ata ba. Tallata duk a WhatsApp take, sai kuma bakin mutane: wadda ta saya ta ji daɗi ta gaya ma maƙwabciyarta, ita kuma ta aiko yaro da kuɗi. Abin da ya tashe ni tsaye bana wata baiwar Allah ce mai kantin kayan masarufi. Ta ce za ta riƙa ajiye kayana a kantinta, amma ba za ta amshi roba tsirara ba, babu suna, babu lambar waya, babu ranar da aka haɗa. Gaskiyarta. Ni kaina ba zan zuba ma iyalina abin da ban san inda ya fito ba a tukunya.

Saura sati uku azumi, lokacin da garin kunu ya fi tafiya. Na ƙudurta abu huɗu: takardar talla guda 500, katin kasuwanci 200, sitikar mannawa a roba 300, da ƙyallen talla ɗaya, wanda suke ce ma fileks, na ratayawa a bangon ƙofar gida. Ɗiyata ta biyu, wadda ke karatu a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, ta ce ita za ta zana mani a Canva, wata manhajar zane, da wayarta. Dare biyu muka yi a kai bayan isha'i. Muka zaɓi kore shar, irin na ɗanyen ganyen rama, muka ɗora hoton robar yaji a tsakiya, muka kewaye gefen da siririn zare mai ruwan zinare. A waya abin ya yi kyau ƙwarai, har na tura ma ƙanwata a Daura ta sa albarka.

Maɗaba'ar da na je ba ta da nisa da Ƙofar Ƙaura. Ba zan kama sunanta ba, tunda cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi, kuma mutumin yana cin abincinsa da ita. Shago biyu ne aka fasa aka haɗe. A gaba akwai kanta da kwamfuta uku, bangon cike da samfurin aikin da suka yi: katin ɗaurin aure, kalandar makarantun Islamiyya, rasit, fastocin 'yan takara. A ciki akwai dogon injin fileks mai warin tawada da ke hawa kai, da injin Konica Minolta da suke buga ƙananan ayyuka masu kala, da babbar wuƙar yanka takarda. Can lungu akwai wani tsohon Heidelberg, ƙirar Jamus, mai buga kala ɗaya a lokaci guda. Benci ɗaya ne na zaman masu jira, kuma kullum maza sun cika shi. Ranar farko mai shagon ya sa aka ɗauko mani kujerar roba daga maƙwabta. Na gode mashi, amma ya kamata a ce akwai wurin da mace za ta zauna ba sai an yi mata aro ba, domin mata masu sana'ar gida da ke zuwa wurin suna da yawa.

Na miƙa wayata na ce ga aiki, a buga mani, nawa ne. A zatona kamar hoton fasfo ne, in biya in tsaya in amsa. Mai shagon, dattijo ne mai furfura a gemu, ya duba ya ce, "Hajiya, aikin ya yi kyau. Amma ki yi haƙuri, ba zan sa shi a inji haka ba. Bari yaro ya buɗe maki shi a kwamfuta ki gani da idonki."

Wannan zaman na kusan awa ɗaya gaban kwamfuta shi ne abu mafi daraja da na samu a shagon, kuma ko sisi ba a caje ni a kansa ba.

Abu na farko hoton robar yaji ne. Yaron, wanda ba zai wuce sa'ar babban ɗana ba, ya buɗe shi a CorelDRAW, manhajar da na ga duk kwamfutocin wurin da ita suke aiki, ya ƙara mashi girma zuwa yadda zai fito a takarda. Sai ga gefen robar ya yi kaca-kaca, kamar an jera ƙananan tubala. Ya tambaye ni ta ina hoton ya biyo. Na ce ƙanwata ta ɗauka ta turo mani a WhatsApp, ni kuma na tura ma ɗiyata. Ya ce to nan ne ya lalace, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage mashi nauyi in an tura shi a matsayin hoto, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. A fuskar waya ba a ganewa saboda ƙanƙanta ce. Takardar da za a riƙe a hannu kuwa tana son ɗigo 300 a kowane inci. Ya lissafa mani: takarda A5, wato rabin takardar ofis da muka sani, faɗinta milimita 148 tsawonta 210, in hoto zai cika ta sai ya kai ɗigo 1748 a faɗi da 2480 a tsawo. Maganin mai sauƙi ne. A sake ɗaukar hoton da rana a inuwa, a bayansa a sa farin ƙyalle, sannan a tura shi a matsayin fayil ta wurin da ake tura takardu, ko a kawo shi a filasha. Ya ja mani kunne kada in taɓa kawo hoton da aka ɗauka daga fuskar waya.

Na biyu zaren zinaren nan da muka yi alfahari da shi. Ya ce, "Mama, cire shi za mu yi, ko mu matso da shi ciki sosai." Dalilinsa ya gamsar da ni. Ba a buga takarda ɗaya-ɗaya. A5 huɗu ake jerawa a babbar takarda wadda ta ɗan fi A3, a tara su da yawa, wuƙa ta sauka a kansu gaba ɗaya. Wuƙar kan goce da milimita ɗaya ko biyu, ko a wace maɗaba'a. In akwai zare dab da gefe, ɗan gocewar nan zai sa ya yi kauri a dama ya sirance a hagu, kowa ya kalla ya ga karkatacce. Haka kuma koren da ke bayan rubutu dole ya zarce iyakar takardar da milimita 3 ta kowane ɓangare, rarar da wuƙa za ta cinye, in ba haka ba sai farin layi ya fito a baki. Wannan rarar suke kira bilid. Saboda haka A5 ɗina ya koma 154 da 216 a kwamfuta. Rubutu da lambar waya kuma a janye su ciki, kamar milimita 5 daga gefe. Duk wadda ta taɓa kai ɗinki ta san wannan: tela ba ya yanka yadi daidai da awon jiki, sai ya bar na cin kalmasa.

Sai aka zo kan abin da ya fi taɓa ni. Yaron ya ce zai sake jera rubutun a kwamfutarsu don ya daidaita shi, ya zaɓi wani salon haruffa mai kyau, mai lanƙwasa kamar rubutun katin biki. Ina kallo adireshina ya canza. Inda aka rubuta Ƙofar Durɓi, babban Ƙ ya zama wani ɗan akwati fanko, ɓ ma haka. Garin ɗanwake, ƙamshi, ɗanɗano, ƙarin bayani, duk suka cika da akwatuna. Alamar Naira ma ta ɓace. Ya ce yawancin salon haruffan ado da ke kwamfuta Turawa suka ƙera su don harsunansu, ba su sa namu masu ƙugiya a ciki ba. Sai ya kawo shawarar da na san ita ake bi a mafi yawan wurare: a rubuta da k da d da b kawai, ai kowa zai gane.

Na ce a'a. Ba rigima nake ji ba. Na yi shekaru ina koyar da Hausa a firamare kafin in koma sana'a, na tsaya gaban allo ina gaya ma yara cewa baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, daka daban ɗaka daban. Ni da ke tallar yaji dakan hannu, wannan bambancin na ƙarshe a kan sana'ata yake zaune. Tun shekarun 1930 aka shigo da haruffan nan cikin rubutun boko, tun ana jera harafi ɗaya-ɗaya da hannu a Zariya, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Mutanen wancan zamani sun ɗauki wahalar samo su da ƙarfe. Yau da komai ke cikin kwamfuta ba mu da uzurin zubar da su. Ki bi titunan Katsina ki karanta allunan shaguna, ki ƙirga nawa ne suka rubuta sunan unguwarsu daidai. Abin yana ci mani rai, domin yaro abin da ya gani a bango yake ɗauka shi ne daidai, ya fi yarda da shi a kan na malama.

A nan mai shagon ya burge ni. Ya taso daga kujerarsa ya ce ma yaron, "Hajiya ta fi ka gaskiya. Nemo mata wanda ke da su." Suka gwada guda biyar ko shida kafin suka tsaya a kan Noto Sans, wanda Google ta yi, kyauta ne, kuma yana da ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana, har da alamar Naira. Bai kai wancan ado ba, amma yana karantuwa tsaf ko ga mai raunin ido. Babban kan rubutun, da ba shi da harafi mai ƙugiya, muka bar shi da salon ado. Daga nan yaron ya yi abin da ya ce duk mai kawo aiki ya kamata ya sani: ya mayar da rubutun gaba ɗaya zane, yadda ko an buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da wannan salon, harafi ba zai canza ba. Illarsa ita ce bayan an yi haka ba a iya gyara kuskuren rubutu kai tsaye, don haka ya ajiye mani kwafi biyu, ɗaya mai gyaruwa ɗaya na bugu.

Ɗiyata, da na kira ta a waya, ta ce, "Umma, ai da na sani da PDF na sauke maki." Yaron ya amshi wayar ya yi mata bayani: a Canva, wurin saukewa, ta zaɓi PDF Print, ta danna wurin da ke ƙara alamun yanka da rarar gefe. Abin da ta ba ni hoto ne kawai, shi ya sa suka sake gina rabin aikin. Sun caje ni kuɗin gyaran zane, kaɗan ne, kuma sun faɗa mani kafin su fara. Wannan na yaba.

Washegari na koma da sabon hoto. Mai shagon ya sa aka buga guda ɗaya tak, a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita, ya ɗora mani a kan kantar shagon. Gabana ya faɗi. Koren nan nawa mai sheƙi ya koma mai duhu, ya tasam ma kalar miyar kuka. Na ɗauko waya na ajiye kusa da takardar, kamar ba aiki ɗaya ba. Na ce, "Malam, injinku ne ba shi da lafiya?" Bai ji haushi ba. Ya ce inji lafiyarsa lau. Waya fitila ce, da haske take haɗa kala, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Takarda ba ta da hasken kanta, tawada huɗu ake ɗora mata: shuɗi mai ruwan sararin sama, ja mai ruwan hoda, ruwan ɗorawa, da baƙi, wato CMYK. Akwai kalolin da haske ke iya yi waɗanda tawada ba za ta taɓa kamowa ba, kuma kore mai ƙyalli da shuɗi mai ƙyalli su suka fi shan wannan kashi. Ya ce a Canva ma ana iya sauke fayil da CMYK, amma sai mai biyan kuɗin wata, kuma ko an yi hakan gani a takarda ya fi.

Yaron ya buga mani ƙananan murabba'ai na kore iri takwas a takarda ɗaya, kowanne da lambarsa a ƙasa. Mai shagon ya ce in fita da ita waje, kada in zaɓa a ƙarƙashin fitilar shago. Na tsaya bakin titi, 'yan Keke Napep na wucewa, na zaɓi na biyar. An rage mashi baƙi an ƙara ruwan ɗorawa. Bai kai na waya haske ba, amma kore ne mai rai, kuma shi na rubuta a littafina da lambobinsa huɗu don duk aikin da zan yi nan gaba ya zo iri ɗaya.

A wannan gwajin ne kuma muka ga ƙananan farin rubutun da ke kan kore, inda na jera kayan da ke cikin yajin, citta da kanumfari da masoro da barkono da daddawa, ya sirance har sai an ƙura ido. Muka mayar da wurin fari, rubutun baƙi zalla, ba baƙin da aka haɗa da sauran tawada uku ba, domin ƙaramin rubutu in aka yi shi da kala huɗu, da ɗaya ta ɗan goce sai ya yi inuwa. Akwai kuma alamar QR da ɗiyata ta sa, mai kai mutum WhatsApp ɗina kai tsaye. Ta yi ƙanƙanta, wayata ta kasa karanta ta. Aka ƙara ta ta haura santimita 2, aka bar mata farin fili kewaye, muka gwada da waya uku duk ta buɗe.

Kafin a kunna inji ya ba ni biro ya ce in karanta komai da ƙarfi, lambar waya ɗaya bayan ɗaya har goma sha ɗaya, shi yana riƙe da wayata yana dubawa, sannan in sa hannu a bayan takardar. Ya ce, "Hajiya, daga kin sa hannu, kuskuren rubutu naki ne, kuskuren bugu nawa ne." Ban ji zafin maganar ba, na ga adalci a cikinta. A wannan karatun na gano mun rubuta ranar Jumma'a cikin ranakun da nake kai kaya, alhali ba na fita ranar. Da an buga 500 da haka, da sai in bi su da biro ɗaya-ɗaya.

Kan takarda da kuɗi bai yi mani wayo ba. Ya ɗauko guntaye ya sa na taɓa: mai giram 80 irin ta fotokwafi, mai sheƙi giram 135 da 150, da kati giram 300. Na so in ɗauki mafi kauri don takardar talla, ya ce asarar kuɗi ce, abin da za a raba a gidan biki da ƙofar makaranta 135 ta ishe shi. Na tambaye shi tsohon injin can na lungu, ko ba zai fi araha ba. Ya ce irin wannan bugun sai an yi faranti, wato fallen ƙarfe da ake fitar da zanen a jikinsa, kowace kala da nata, huɗu ke nan, kuma kuɗin faranti ɗaya ne ko guda ɗari za a buga ko dubu goma. Sai aiki ya kai dubbai yake biyan kansa. Guda 500 injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, wanda suke ce ma DI, shi ya dace. Ya ce in Allah ya buɗa kasuwa na tashi buga dubu biyar, in zo ya faɗa mani gaskiyar ko shi zai yi ko Kano zai tura. Mutumin da ke hana ki kashe kuɗi a shagonsa ba ko'ina ake samunsa ba.

Katin kasuwanci bai ba da wahala ba. Milimita 85 da 55, kati giram 300, an lulluɓe gabansa da leda marar sheƙi, bayansa an bar shi haka don biro ya kama in zan rubuta ma mutum farashi. Ya fito tsaf, yankan a miƙe, ban samu ko ɗaya mai tabo ba.

Yanzu ga inda suka ɓata mani rai.

Na biya kafin alƙalami kashi biyu cikin uku ta tiransifa ranar Litinin, aka ce in zo Alhamis bayan la'asar. Rasit sai da na roƙa, aka rubuta mani a yagaggiyar takarda, a shagon da ke buga ma wasu rasit. Alhamis na biya kuɗin Keke na je, ba a ko fara takardar talla ba. An ɗauke wuta, an ce, kuma ba za a tada babban janareto don ƙaramin aiki ba sai ayyuka sun taru. Wannan na fahimta, duk mai sana'a a garin nan ya san kuɗin mai. Abin da ban fahimta ba shi ne rashin kira. Lambata tana rubuce a jikin aikin da kansa. Kuma ina tsaye na ga an shigo da aikin fastocin wani taro, an tada janareton nan take. Asabar da yamma na amshi kayana. Kwana biyu a sati ukun da ke gaban azumi ba ƙaramin abu ba ne ga mai garin kunu, domin akwai walimar da na yi niyyar raba takardun a cikinta ranar Jumma'a da yamma ta hannun ƙanwar maigidana, ta wuce ni. Mai shagon ya ba ni haƙuri, ya ƙara mani takarda ashirin a kai. Na amsa, amma na gaya mashi kira ɗaya ya fi mani su.

Na biyu sitika, kuma wannan ya fi ciwo domin kuɗi ne ya tafi. Sun yi mani tambayoyi masu kyau a kanta. Sun sa na kawo robar, yaron ya naɗa mata tsinken takarda ya auna kewayenta. Mai shagon ya tambaye ni ko ina da lambar NAFDAC, na ce na yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, ta NAFDAC kuwa ina kan nema. Ya ce to kada in sa komai da ya yi kama da ita, a bar fili, in ta fito a ƙara. Ya ce ana kawo mashi aiki da lambar aro yana mayarwa. Ya sa aka bar gurbin ranar haɗawa da ranar da ya kamata a gama amfani, in riƙa cikewa da hannu. Duk wannan daidai. Amma ba wanda ya tambaye ni ko abin da ke cikin robar yana da maiƙo, ni kuma ban san tambaya ba ce. Suka buga a sitikar takarda. A robobin garin kunu da na ɗanwake tana nan lafiya. A na yaji, musamman mai ƙuli-ƙuli, kwana huɗu ya isa: hannun da ya taɓa yaji ya taɓa takarda, ta sha mai, ta yi tabo, gefenta ya fara ɗagowa. Mai kantin ta kira ni ta ce robobi shida sun yi kamar sun shekara. Da na koma, yaron ya ce ai da sitikar leda aka yi, irin wadda suke kira SAV, ko a lulluɓe ta takardar da leda. Na ce to ai kai ka san haka, ɗana, ni ban sani ba. Wanda ya hana ni zaren zinare saboda milimita ɗaya bai kamata wannan ya wuce shi ba. Guda 100 na yaji sai da aka sake su. Mai shagon ya yafe kuɗin aiki, na biya na kayan.

Fileks ɗin ƙafa 6 ne da ƙafa 3, kuma da ƙafa murabba'i suke lissafi, 18 ke nan. Shawarar da suka ba ni a kansa ta yi amfani: in rage magana. Na so in zuba duk abin da ke takardar talla, mai shagon ya ce wanda ke kan babur daƙiƙa biyu gare shi, a sa abin da ake sayarwa da lambar waya da manyan haruffa, shi ke nan. Hoto ma a nan ba ya buƙatar ɗigo 300, tunda daga nesa ake kallo. An kalmashe gefen, an sa zobban ƙarfe na ɗaure igiya a kusurwa huɗu, na ce a ƙara biyu a tsakiya saboda iskar hunturu. Koren bai zo daidai da na takardar ba, ya ɗan fi shi haske, domin inji daban ne tawada daban. Sun faɗa mani haka tun kafin a buga, don haka ban riƙe su da shi ba. Sun kuma ce rana za ta cinye kalar a hankali, ja ne zai fara kodewa, in rataye shi bangon da ba ya kallon yamma in da hali.

Ga wadda ba ta taɓa kai aiki maɗaba'a ba, wannan shagon zan nuna mata, saboda dattijon nan ba ya barin a buga abin da mai shi bai gani a takarda ba. Na tambayi wasu ƙawayena masu turaren wuta da masu cincin, biyu cikinsu sun ce su a inda suka je waya kawai aka amsa aka buga, sai da suka isa gida suka ga abin da aka yi masu. Amma ta je da sati biyu a hannu, ta sa a rubuta mata ranar amsa a rasit, ta kira kafin ta hau Keke. Ta tafi da robarta ko kwalbarta cike da kayan, ba fanko ba, ta ce a manna gwaji ɗaya ta kai gida ya kwana uku a kicin. In aikinta da Hausa ne ta duba kowane ƙ da ɗ da ɓ da idonta, a takardar gwajin, domin yaron yana da hannu amma ba a nan hankalinsa yake ba.

Takardun sun ƙare kafin goma ga azumi, saura 'yan kaɗan da na ɓoye don sakawa cikin ledar masu sayen sari. Mutum uku daga Sabuwar Unguwa sun kira sun ce a takarda suka ga lambar, ɗaya kuma malamin makaranta ne da ya ce abin da ya sa ya ajiye tasa shi ne ya ga an rubuta Durɓi da ɓ. Fayil ɗin guda biyu suna cikin filasha a durowar da nake ajiye takardun CAC, tare da takardar gwajin da na sa ma hannu da lambobin koren nan huɗu. Bayan Sallah zan koma a buga mani sitikar man shanu, ta leda, kuma na riga na gaya ma mai shagon cewa wannan karon kwalbar zan fara kawowa.